Yaƙin Bama a Rubuce: Ina Muryar Sojan?

Sa'ad da nake yaro a Danja akwai wani tsoho da yakan zauna a inuwa kusa da masu sayar da rake ran kasuwa, ba ya saye ba ya sayarwa. Mu yara mun san in muka matsa masa yakan miƙe ya ƙame, ya ba da umurnin fareti da wata murya wadda ba ta yi kama da tasa ta kullum ba, mu kuwa mu yi ta dariya. Manya suka ce mana ai Yaƙin Bama ya je. Mu a lokacin Bama ɗaya muka sani, ta ƙasar Barno, har muna mamakin wane irin yaƙi aka yi can da ya bar mutum haka. Ya rasu ban tambaye shi kome ba, ba a kuwa rubuta ko kalma guda daga bakinsa ba.

Nufina a wannan takarda in duba abin da aka rubuta game da yaƙin da tsohon nan ya je, musamman abubuwa uku: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da waƙar Maraba da Soja ta Malam Sa'adu Zungur, da ƙagaggen labarin Burma Boy na Biyi Bandele. Zan auna su da abin da mutanen Kanada suka yi da nasu tarihin, domin su ma a ƙarƙashin Sarkin Ingila suka yi yaƙin, waɗansunsu ma a ƙasar Bama ɗin. Abin da nake so in nuna shi ne, a cikin rubutun nan an yi magana a kan soja, an yi magana da yawunsa, amma shi kansa ba a bar shi ya faɗi abin da ya gani ba.

1. Yaƙin a taƙaice

Wajibi ne mu fara da abin da ya auku, don yawancin ɗalibanmu ba su san shi ba. A 1897 Turawa suka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma, Lugga ne ya fara shugabantarta. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, aka faɗaɗa ta ƙwarai, har Nijeriya kaɗai ta ba da mutum fiye da 100,000. Da farko Gabashin Afirka aka kai su don su yaƙi Italiya. Birged ta 23 ta Nijeriya tana cikin waɗanda suka ci Magadishu a Fabrairu 1941, ta kutsa har Harar ta ƙasar Habasha a watan Maris.

Bayan Japan ta ƙwace Malaya da Bama a 1942, sai aka kafa runduna biyu a 1943, ta 81 da ta 82, aka haye da su teku zuwa Indiya. A farkon 1944 ta 81 tana cikin kwarin kogin Kaladan, kurmi ne da duwatsu babu hanyar kirki, abinci da harsashi sai ta jirgin sama ake jefo musu da laima, sa'an nan 'yan dako su ɗauka a ka. Birged ɗinta ta 3, watau bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Nijeriya, an cire ta an ba Janar Wingate, ta shiga cikin mayaƙan da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke a bayan dagar Japanawa. Runduna ta 82 ta shiga Arakan a Disamba 1944, a Janairu 1945 kuwa rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung. Japan ta sallama a Agusta 1945, amma da yawa daga cikinsu ba su ga gida ba sai 1946.

Alamar runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ce, wanda Turawa suka ɗauko daga tatsuniyoyin Asante. Bahaushe dai in ya dubi kafaɗarsa Gizo zai gani. Alamar ta 82 kuwa mashi biyu ne a kan gammo, abin da ke tuna mana cewa da kan ɗan dako aka yi rabin yaƙin. Sarkin Katsina Usman Nagoggo, bayan hawansa sarauta a 1944, ya kai musu ziyara har Indiya da Bama. Waɗanda suka zauna gida su ma yaƙin ya same su. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar auduga ce, layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929 shi ke kwasarta, hukuma kuwa ta matsa a noma auduga da gyaɗa. Da kuzan Malaya ya faɗa hannun Japan, aka ɗebi talakawan Arewa aikin tilas a ramukan kuza na Jos daga 1942 zuwa 1944.

Har yau sunayen wuraren suna bakinmu ba mu san ma'anarsu ba: barikin Chindit a Zariya, wadda ba ta da nisa da Danja, barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, barikin Myohaung da na Arakan da na Dodan a Ikko.

2. Yadda Kanada ta yi da nata

Mutanen Kanada fiye da miliyan ɗaya suka sa kaki a wannan yaƙi, kimanin 45,000 suka mutu. A harin Dieppe na ran 19 ga Agusta 1942 kaɗai, cikin sojansu kusan 5,000 an kashe 907. A Bama ma suna nan: rukunin jiragensu biyu, na 435 da na 436, sun yi jigilar abinci da makamai ga Babbar Runduna ta 14 a 1945 da jirage samfurin Dakota, kuma Manjo Charles Hoey, haifaffen Kanada, ya sami lambar Victoria Cross bayan an kashe shi a Arakan a Fabrairu 1944, sa'ad da mutanenmu ke Kaladan.

Abin lura a nan shi ne, tun 1940, yaƙi bai ko yi nisa ba, suka naɗa masanin tarihi, C. P. Stacey, suka aike shi London aikinsa kawai ya tattara shaida. Da aka gama, hukuma ta fitar da tarihin sojan ƙasa cikin manyan littattafai uku: na Stacey a 1955, na G. W. L. Nicholson a kan yaƙin Italiya a 1956, da wani na Stacey a 1960. An buga su da Ingilishi an kuma buga su da Faransanci, watau harsuna biyun da yawancin sojansu ke ji. Ban da wannan, sojan da kansu sun yi rubutu, kamar Farley Mowat wanda ya ba da labarin abin da ya same shi a Italiya cikin littafinsa na 1979. Daga baya aka bi tsofaffin gida gida aka ɗauki muryoyinsu.

Kada mai karatu ya zaci sun kuɓuta daga aibi. Asalin mazauna ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, su ma dubbai sun shiga yaƙin, an kuwa daɗe ana tauye musu haƙƙi ana mantawa da su. Amma dai Kanada ƙasa ce mai mulkin kanta a lokacin, ita ta aiki sojanta ita kuma ta rubuta labarinsu. Mu wani ya aiki namu, shi kuma ya riƙe alƙalami. Littafin Janar Slim na 1956, Defeat into Victory, ya ambaci rundunonin Afirka ta Yamma a gurguje ne. Sai a 2001 John Hamilton, wanda ya yi hafsa a runduna ta 81, ya fitar da War Bush don ya rama mata abin da ya ga an tauye, David Killingray kuma ya fitar da Fighting for Britain a 2010. Littattafai ne masu amfani, amma da Ingilishi suke, mafi yawan shaidarsu kuwa daga takardun hafsoshi ta fito.

3. Jaridar Gaskiya

To, me aka rubuta da Hausa? Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a Janairu 1939, Malam Abubakar Imam ne edita, Dokta R. M. East na duba aikin. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne a kashe jita-jita, har da raɗe-raɗin da ake yi cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Ba mai musun alherin da ta yi wa harshen: ita ta koya wa Hausa yadda za ta ba da labarin jirgin ƙarƙashin ruwa da tankar yaƙi da ƙasashen da Bahaushe bai taɓa jin sunansu ba, cikin zance mai daɗi wanda ake karanta wa jama'a a zaure.

Amma jaridar hukuma ce a lokacin yaƙi. Aikinta ta ƙarfafa zuciya, ta sa a ba da gudummawa, ta sa iyaye su saki 'ya'yansu. Duk maganar soja da za ta fita a cikinta sai ta bi ta hannun mai tace wasiƙun bariki, sa'an nan ta bi ta hannun edita. Abin da ya fi damun sojan Kaladan, watau atuni da zazzaɓi da matsattsaku da tsoro, da bambancin albashi tsakaninsa da Bature, irin abin da tankaɗen nan ke riƙewa ke nan. Saboda haka wanda zai karanta tsofaffin kofen jaridar ya karanta su da sanin cewa muryar mai aike yake ji. Imam kansa da ya je Ingila a 1943 tare da waɗansu editocin Afirka ta Yamma ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tafiyar malami guda ta 'yan makonni ta zama littafin da muke karantarwa. Tafiyar dubban talakawa ta shekara uku ba ta da takwaransa a manhajarmu.

4. Maraba da Soja

Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya tari sojan da waƙa sa'ad da suka komo. Dandatti Abdulƙadir ya buga ta tare da sharhi a littafinsa na 1974 a kan rayuwar mawaƙin da waƙoƙinsa. Waƙar ta fara da yabo da barka da zuwa, sa'an nan ta juya ga batun 'yanci. Hujjarta mai ƙarfi ce: in an kai mutum bayan teku ya zubar da jini don kada a bautar da waɗansu, da wane baki za a hana shi 'yanci a gidansa? A nan Zungur ya ɗauki kalmar da Turawa suka yi ta shela da ita lokacin yaƙi ya mai da musu da ita, wannan kuwa gwaninta ce da ba a raina ta.

Duk da haka sai mu lura da matsayin mai magana. Waƙar maraba ce, mai maraba kuwa a bakin ƙofa yake tsaye, bai je inda baƙon ya fito ba. Zungur malami ne ɗan siyasa, bai yi soja ba, sojan kuwa a waƙarsa jama'a ce guda wadda ake yi wa jawabi. Jarida ta ɗauki soja shaidar biyayya ga Sarkin Ingila, waƙa ta ɗauke shi shaidar cancantar 'yanci. Manufofin sun saɓa, amma a duka biyun hujja ce shi a bakin wani. Ban faɗi haka don in rage darajar waƙar ba, ta yi abin da aka yi ta dominsa. Kuskuren namu ne, da muke karantar da ita kamar ita ce labarin yaƙin.

5. Burma Boy

Biyi Bandele an haife shi a Kafancan a 1967, ya rasu a 2022. Mahaifinsa ya je Bama, daga gare shi ya fara jin labarin. Littafin ya fito a 2007. Tauraronsa Ali Banana, yaro ne ɗan koyon ƙira wanda ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja, ya sami kansa cikin Chindit a ƙarƙashin Samanja Damisa, a sansanin da Turawa suka sa wa suna White City. Yaron da ya shiga kurmi yana surutu da barkwanci ya fito shi kaɗai, abin da ya gani ya taɓa hankalinsa. Da na kai ƙarshen littafin tsohon kasuwar Danja ne ya faɗo mini a rai.

Wannan shi ne rubutun da ya fi kusantar abin da muke nema, domin ya sa ƙaramin soja a tsakiya, ya ba shi suna da tsoro da abokai. Ya kuma yi wani abin da ya dace, watau ya bar muƙaman soja yadda sojan ke faɗinsu: farabiti, samanja, kyaftin, janar, har Sarkin Ingila ma Kingi Joji ne. Da wannan ya sa mai karatun Ingilishi ya zama shi ne baƙo a barikin.

Amma akwai abu biyu da zan soka. Na farko, kalmomin nan a kunnen Bature abin dariya ne, domin yana jin kalmarsa ce aka lanƙwasa, marubucin kuwa ya san haka ya kuma yi aiki da shi. A kunnen Bahaushe samanja ba ta da ban dariya ko kaɗan, sunan mutum ne wanda ake tsoro. Saboda haka abin da ke Hausa a littafin ado ne a jikin rigar Ingilishi. Tunanin yaron da addu'arsa da zaginsa duk an riga an juya su kafin su iso gare mu. Na biyu, littafin ya buɗe da Wingate a Alƙahira a 1941, kamar dai ba a iya shiga labarin talaka sai ta ƙofar janar. Wanda ke son muryar soja tsantsa sai ya nemi ɗan littafin Isaac Fadoyebo na 1999, mutumin ƙasar Owo, ma'aikacin asibitin soja, wanda aka harba a bakin Kaladan a Maris 1944, wani Musulmi ɗan ƙauyen wurin ya ɓoye shi wata da watanni. Shi ya iya Ingilishi, shi ya sa ya rubuta. Ɗan ƙasar Katsina da ke gefensa mai yiwuwa da ajami kaɗai ya iya, ba kuwa wanda ya nemi ya rubuta.

6. Shaidar harshe

Akwai wurin da sojan ya bar sawunsa ba tare da izinin kowa ba, shi ne cikin kalmomi. Dubi yadda ya sarrafa su bisa ƙa'idar harshensa. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere, don haka ya tsaga su da wasali, ya mai da p ta zama f, v ta zama b, aka sami farabiti, haka fareti. Kalma mai tsawo ya datse ta: kofur, kurtu, samanja. Hafsa ya ba ta jam'i irin na gida, hafsoshi, kamar yadda soja ta ba da sojoji. Yawancin kalmomin nan sun girmi 1939, tun zamanin Lugga suke bariki, amma komowar dubban mutane a 1946 ta ƙara watsa su a ƙauyuka.

A nan sai a yi hattara da abin da ake nufi da sojan Hausa. Da yawa ba Hausawa ba ne: akwai Dakarkari na Zuru, da Barebari, da Zabarmawa, da Tibi, da Bacama, da Angas. Shahararren samanjan nan Chari Maigumeri, wanda ya yi Habasha ya yi Bama, aka sallame shi a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, Babarbare ne. Hausa ce ta haɗa su, amma irin wadda masana ke kira Barikanci, wadda ba ta kula da jinsi, sai a ce mace ya zo, ba ta bambanta ƙ da k ko ɗ da d, karin sauti ma ya baje. A lokacin yaƙin hukumar soja ta matsa a koma Ingilishi, duk da haka Hausa ba ta bar bakin sojan ƙasa ba. Mu malaman Hausa mun saba raina Barikanci muna ce masa gurɓatacce. Ina ganin rainin nan yana cikin abin da ya toshe mana kunne: mutumin da ya dawo yana magana da harshen bariki, an ɗauke shi ɗan iska ko taɓaɓɓe, ba a ɗauke shi mai ba da tarihi ba.

7. Abin da ya rage a yi

Wanda yake da shekara 18 a 1944 haihuwar 1926 ne, saboda haka bakin farko ya kusa rufewa duka. Amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan a Danja da Bakori da Ƙafur da Funtuwa, sun ji labari a tsakar gida. A cikin akwatunan ƙarfe akwai littafin sallama mai lambar soja, da lambar girma ta Tauraron Bama, wataƙila har da wasiƙu da ajami. Lambar soja mabuɗi ce, da ita ake bin sawun mutum a takardu. Wanda bai komo ba ana iya neman sunansa a rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, wadda Kanada ke cikin ƙasashen da ke riƙe da ita. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da namu a ciki.

Shawarata ga 'yan'uwana malaman kwalejojin horon malamai ita ce, kowane ɗalibi in zai tafi hutu a ba shi aikin gida guda. Ya nemi gidan ɗan mazan jiya a garinsu, ya gaishe su da ladabi, ya ɗauki maganarsu yadda suka faɗe ta. Kada ya gyara nahawu, kada ya mai da Barikanci daidaitacciyar Hausa, domin karkatar kalmar ita ma shaida ce. Ya rubuta wanda ya faɗa da wanda aka ji daga gare shi, yadda malamanmu na dā ke kiyaye isnadi. Sa'an nan a gwama abin da aka samu da takardun gidan ajiye tarihi na Kaduna da tsofaffin kofen Gaskiya, a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Labarin jika ba daidai yake da na wanda ya gani da ido ba, zai zo da ƙari da ragi, amma da babu gara ba daɗi.

Kowace shekara ran 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, mutanen Kanada kuwa suna yin nasu ran 11 ga Nuwamba. Su in sun tashi daga wurin suna da littafin da za su buɗe da harshensu. Aikin sashe irin namu ne mu samar wa ɗan Danja nasa.